Tsallaken ruwa a tseren dawaki: haɗarinsa ya kai a cire shi?

Malam, ka ce ka ga bidiyon wani tseren dawaki na Ingila, doki ya tsallake ɗan gajeren shinge sai ƙafafunsa na baya suka faɗa ruwa ya yi kamar zai kife, shi ne kake tambaya wai wannan tsallaken ruwan bai yi haɗari da yawa ba, me ya hana a cire shi kowa ya huta. To ni aikina duba dabbobi ne, dawaki kuma su na fi mu'amala da su, wannan tseren ma na daɗe ina bibiyarsa, don haka bari in faɗa maka yadda nake kallon abin. Ba shi ya fi kashe dawaki ba, in ma tsayi ake magana shi ne ƙarami a duk filin. Amma yana da wani mugun hali guda ɗaya da kyamara ba ta cika nunawa ba, kuma saboda wannan halin ne ni ma ban yarda a bar shi yadda aka gaje shi ba.

Da farko wannan ba irin sukuwarmu ba ce ta Kano ko Katsina ko Yamai, inda fili ne a shimfiɗe a saki dawaki wanda ya riga ya riga. Wannan tseren tsallake-tsallake ne, Birtaniya da Ireland da Faransa su suka fi riƙo da shi, kuma daga farauta a kan doki ya samo asali. Labarin da aka fi kafa hujja da shi shi ne na 1752 a yankin Cork na Ireland, mutum biyu suka yi tsere daga cocin garin Buttevant zuwa na Doneraile, tafiyar wajen mil 4, duk abin da suka tarar a hanya, shingen gona ne, katanga ce, rafi ne, sai dai doki ya haura. Da aka dawo da abin cikin fili mai shinge da 'yan kallo sai aka ƙera kwaikwayon waɗancan abubuwan, shi ya sa yau za ka ga iri uku: shinge zalla, shinge mai rami a gabansa, sai kuma shinge mai ruwa a bayansa wanda kake tambaya a kai. Wato rafin nan na gona ne aka kwaikwaya.

A Birtaniya shinge zalla ba ya gaza ƙafa 4 da inci 6 a tsayi. Na ruwa kuwa wajen ƙafa 3 ne, na filin Aintree da ke Liverpool inda ake babban tseren Grand National bai ma kai ƙafa 3 ba, sai dai faɗin da doki zai keta ya haura ƙafa 12. Kuma ruwan fa ba wani kududdufi ba ne, inci kaɗan ne zurfinsa, ko ɗan akuya ba zai nutse ba. Ka haɗa shi da maƙwabcinsa da ake kira The Chair, shinge na 15, tsayinsa ƙafa 5 da inci 2 ga rami mai faɗin ƙafa 6 a gabansa, daga shi sai na ruwan a matsayin na 16, su biyun nan sau ɗaya tak ake tsallake su a zagayen farko, sauran 14 ɗin kuwa sau bibbiyu, jimla 30 kenan cikin tafiyar kusan kilomita 7. Kuma ka san me ke wurin kafin a sa ruwan? Katangar dutse ce a shekarun farko na tseren. Don haka a tarihin Aintree ruwan nan sassauci ne aka yi.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne dokin tsere in ya miƙe a guje taku ɗaya yana cin ƙafa 20 ko fiye, to ka ga ƙafa 12 na ruwa a cikin taku ɗaya yake, bai ma cika shi ba. Dokin da ya zo da ƙarfinsa da saurinsa sai ka ga ya shafe ta kai kamar ba komai, jokin ma, wato mahayin, ba ya wani motsi. Wanda ke samun matsala shi ne wanda ya zo a sanyaye, ko ya gaji, ko ya yi shakka ya ɗan taka birki kafin ya tashi, ko kuma wanda ya saba da dogayen shingaye sai ya cilla sama maimakon ya miƙe gaba, ya ɓata ƙarfinsa a tsayi ya sauko kafin ya gama ketare ruwan. Kamar dai tsallake babbar kwata ce, in ka taho da gudu ka wuce lafiya, in ka tsaya a baki kana lissafi sannan ka yi tsalle to dunduniyarka ce za ta daki gefen simintin. Shi ya sa ba a sa shi ya zama shingen ƙarshe. A Aintree in an zo kammalawa kauce masa ake yi, a filin Newbury ma yana gaban 'yan kallo amma a miƙewar ƙarshe gefensa ake bi, don an san dokin da ya ci mil 3 ko 4 ba shi da sauran abin miƙewa.

Yanzu bari mu duba inda dawaki suka mutu a Grand National ɗin, tunda shi ne kowa ke kafa misali da shi. A 1989 Brown Trix da Seeandem a shingen da ake kira Becher's Brook suka mutu. A 2011 Ornais a shinge na 4, Dooneys Gate a Becher's. A 2012 Synchronised, wanda bai fi wata guda da cin kofin zinare na Cheltenham ba, ya faɗi a Becher's ya tashi ya ci gaba da gudu babu mahayi ya karye a gaba, According to Pete kuma wani doki ne ya faɗi a gabansa ya kayar da shi, nan ma a Becher's. A 2019 Up For Review a shinge na farko, a 2023 Hill Sixteen shi ma a na farko. Ka ga na ruwa a ciki? Babu. Wani zai ce ai Becher's ma akwai ƙorama a bayansa, e akwai, tun 1839 da Kyaftin Martin Becher ya faɗo daga dokinsa ya laɓe a cikinta har sauran dawaki suka wuce ta kansa, amma ba ruwan ne matsalar wurin ba. Matsalar ita ce gefen sauka ya fi gefen tashi zurfi, doki yana tsammanin ƙasa a nan sai ya tarar da ita can ƙasa, hancinsa ya yi gaba. Abin da aka yi ta gyarawa kenan, bayan 1989 an cike yawancin ƙoramar an gyara gangaren, bayan 2011 an ƙara ɗaga wurin saukar.

Sauran gyare-gyaren ma in ka bi su za ka ga inda masu abin suka san ciwon yake. A 2013 an cire katakon da ke tsakiyar shingayen an sa roba mai lanƙwasa. A 2024 an rage yawan dawaki daga 40 zuwa 34, an matso da shinge na farko kusa da wurin tashi da yadi 60 don kada su iso shi da mugun gudu, an kuma ce a tashi daga tsaye. Gudu, cunkoso, taurin shinge. Ba wanda ya ce ruwa.

To amma ga inda nake rabuwa da masu cewa tsallaken ruwa ba shi da laifi ko kaɗan. Su lissafinsu faɗuwa ne, doki nawa ya faɗi a nan, joki nawa ya ɓaro, in aka duba aka ga kaɗan ne sai a ce shi kenan lafiya lau. Alhali raunin da wannan shingen ke yi ba ta faɗuwa yake zuwa ba. Doki dabba ce mai nauyin wajen kilo 500, yana tafe a gudun da ya doshi kilomita 50 a awa, ƙafafun gaba sun riga sun dira a kan ciyawa, na baya kuma sun gaza da 'yar tazara sun faɗa cikin ruwan ko sun daki leɓen ramin. Gaba na tafiya baya ya tsaya cak na ɗan ƙiftawar ido. Duk wannan fizgar a ina za ta sauka? A gadon baya da ƙugu da mahaɗar da ke tsakaninsu, sai kuma jijiyoyin ƙafar baya. Dokin ba zai faɗi ba, zai ɗan yi tangal-tangal ya wartsake ya ci gaba da bin 'yan'uwansa, don jini ya ɗau zafi ba ya jin komai a lokacin, mai sharhi a talabijin ya ce ya ɗan yi kuskure a ruwa, magana ta wuce.

Sai washegari a barga. Ka fito da shi ka ga takun ƙafar baya ɗaya ya gajarce, yana jan bakin kofato a ƙasa har ya bar layi a kan yashi, ka bi gadon bayansa da yatsu tun daga inda sirdi ke zama kana dannawa a hankali, kana isowa saitin ƙugu sai ka ji ya lotsa ya kwantar da kunne yana neman ya kai maka cizo. Ka tsaya ta bayansa ka dubi kuturinsa, wani lokaci sai ka ga ɓari ɗaya ya fi ɗaya sauka. Irin wannan ciwon ba jini ba kumburin a zo a gani, ɗingishin ma ba sosai ba, kuma wurin nama ya yi kauri hoton ƙashi na yau da kullum ba ya kaiwa, sai an haɗa da sikanin. Wani ya huta makonni ya warke, wani kakar tseren ta wuce shi, wani kuma ya warke a jiki amma bai warke a zuciya ba, duk sanda ya hango shinge sai ya fara noƙewa, dokin da ke noƙewa kuwa shi ne ke faɗuwa a babban shinge wata uku bayan nan, a rubuta laifin a kan wancan shingen. Akwai kuma mafi muni, ba kasafai ba amma yana faruwa, ƙafar baya ta karye ko ƙashin baya ya taɓu nan take, kuma doki in ya yi irin wannan karayar yawanci sai dai a hutar da shi, wato a kashe shi, saboda ba ya iya kwanciya wata da watanni kamar mutum, in kuma ya jingina nauyinsa a kan sauran ƙafafun cikin kofatonsu ke kumbura ya lalace.

Wannan shi ya sa masu horar da dawaki da yawa a can ba sa ƙaunar shingen nan duk da ƙanƙantarsa. Hujjarsu ita ce ba ya gwada komai, gwanin doki ba ya samun wata riba a kansa, amma in tsautsayi ya gitta asarar babba ce, wato riba kaɗan haɗari a ɓoye. Kuma gaskiya hujja ce mai ƙarfi. Yanzu ma ba dole ba ne kowane fili a Birtaniya ya kasance da shi, wasu filayen sun cire nasu sun sa shinge zalla a wurin, manya irin su Aintree da Cheltenham da Sandown da Newbury kuma sun riƙe nasu. Sai dai ka lura, in ka cire na ruwa ba fili ake bari fayau ba, wani shingen ake sawa mai ƙafa 4 da rabi, wanda shi kuma yana kayar da doki da gaske. Masu cewa a cire a huta ba sa kawo wannan a lissafi.

Ni a ganina yawancin laifin ba na ruwan ba ne, na gini ne. Tsohon salo rami ne mai kaifin baki da ƙasa mai tauri, in kofato ya gaza sai ya tarar da abu kamar matakala. Wanda aka gina da hankali kuwa cikinsa a shimfiɗe yake da tabarmar roba mai kauri wadda ba ta santsi, zurfin yana raguwa a hankali a hankali har ya haɗe da ciyawa ba tare da wani leɓe ba, ta yadda ko doki ya gaza fantsama kawai zai yi ya wuce. Sannan wurin saukar, nan ne ake sakaci, ruwa na fantsama a kai tsere bayan tsere, dawaki na dira a wuri ɗaya, in ba a kula ba sai ya zama laka a sama tauri a ƙasa. Wannan aikin masu kula da fili ne na kullum, ba abin da za a gyara sau ɗaya a manta ba ne.

Faransa ce ke ƙara sa ni shakkar cewa ruwan kansa ne matsala. A filin Auteuil na Paris, inda ake babban tserensu tun 1874, akwai tsallaken ruwa a gaban rumfar 'yan kallo da doki ke buƙatar miƙewar wajen mita 8 kafin ya ketare, na Ingila wasan yara ne a gabansa, kuma shi ne abin alfaharin filin. Bambancin shi ne dawakinsu tun suna shekara 3 ake fara tseren tsallake da su, kuma a gida an riga an saba musu da abubuwa kala-kala, ruwa, tudu, rami, katako. Dokin da bai taɓa ganin ruwa a bayan shinge ba sai ranar tsere, ga ihu ga dawaki ta ko'ina, in ya yi turjiya ai ba laifinsa ba ne. Ban ce a can ba a samun rauni ba, ana samu, kawai dai horo na rage kaso mai yawa.

Akwai kuma batun ido, wanda mu mutane muke mantawa don muna ɗauka abin da muke gani shi doki ke gani. Doki yana bambance shuɗi da rawaya amma ruwan lemo da kore kusan ɗaya suke a wurinsa, kuma shekara da shekaru da ruwan lemo ake shafa alamomin gindin shinge, sai da jami'ar Exeter ta yi bincike a kai sannan a 2022 aka fara mayar da su fari. Dab da hancinsa kuma akwai inda ba ya gani, in ya iso gindin shinge da abin da ya hango tun daga nesa yake aiki. To ka ƙara masa ruwa mai ƙyalli, ga kakar tseren lokacin sanyi ce da rana ke yin ƙasa-ƙasa, har akan tsallake wasu shingaye a bi ta gefe in rana na dukan ido. Tunda zancen ya zo nan, a 1956 akwai dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth mai suna Devon Loch, yana kan gaba a Grand National saura yadi 40 ya ci, ba shinge ba komai a gabansa, sai kawai ya yi tsalle ya baje a kan cikinsa, wani doki mai suna ESB ya wuce ya cinye. Wurin da abin ya faru daidai saitin tsallaken ruwan ne ta ɗaya gefen, shi ya sa wasu suka ce hango shi ya yi ta gefen ido ya ɗauka an zo wurin tsalle, wasu suka ce ihun jama'a ne ya firgita shi, wasu suka ce jijiya ce ta riƙe. Har yau in an zauna hirar tsere sai an yi wannan musun.

In kuwa abin da ke damunka mutuwar dawaki ce gaba ɗaya, to tambayarka ta yi ƙarama malam, ba shinge ɗaya za ka tuhuma ba. Alƙaluman hukumar tseren dawaki ta Birtaniya sun daɗe suna nuna cewa a duk fita dubu ana rasa doki wajen 2, in ka ware tseren tsallake kaɗai abin ya kai wajen 4, na fili shimfiɗaɗɗe kuma wajen 1. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin su ne busasshiyar ƙasa mai tauri, shi ya sa ake ban ruwa a fili kafin manyan tsere, sai yawan gudu, tsawon tafiya, da dokin da ya shigo da tsohuwar tsagewar ƙashi ba a gano ba. Ostireliya ta wannan babbar ƙofar suka bi, jihar New South Wales ta haramta tseren tsallake tun 1997, South Australia ta daina a 2022, Victoria kaɗai ta rage. Wanda ya ce shi bai yarda a sa dabba cikin wannan haɗarin don nishaɗi da caca ba, ina girmama ra'ayinsa, magana ce mai kai da gindi, kuma mu faɗi gaskiya kuɗin caca ne ke riƙe da harkar. Amma wanda ya ce a bar sauran shingayen a cire na ruwa kawai, ya kama mafi sauƙin gani ne ya bar masu ɓarnar.

Don haka in ni aka tambaya, ba zan sa hannu a haramta shi a ko'ina ba, ba kuma zan kare shi don wai gado ne ba, katangar dutse ma ai gado ce aka rushe. Filin da zai iya gina shi da gangare da shimfiɗar roba, ya kula da wurin sauka, ya ajiye shi a tsakiyar tsere inda dawaki ke da sauran ƙarfi, ya riƙe abinsa. Filin da ba zai iya ba ya cike ramin. Sabbin dawakin da suka fara tsallake kuma a tabbatar sun san shi tun daga gida kafin a kawo su. Abin da na fi so a tilasta shi ne duk dokin da aka ga ya jefa ƙafar baya a ruwa a rubuta sunansa, likita ya duba shi bayan kwana biyu ko uku lokacin da jiki ya huce, a haɗa sakamakon wuri ɗaya fili da fili, in aka ga wani fili nasa ya fi na saura yawa a rufe shingen har sai an sake gina shi.